Yadda Ake Zuwa Kallon Tseren Dirag na Ƙwararrun Direbobi

Tseren dirag shi ne a jera motoci biyu kafaɗa da kafaɗa, su tashi daga tsaye cik, su bi miƙaƙƙiyar hanya marar kwana, wadda ta riga tsallake layin ƙarshe ita ce ta ci. A ajin da ya fi kowanne ƙarfi, gudu ɗaya ba ya cika daƙiƙa 4, saboda haka wanda ya sayi tikiti ya kafe a kujera tun safe har magariba zai koma gida yana cewa zaman jira ya fi kallo yawa. Rabin abin kallon yana can sansanin makanikai, sauran rabin kuma sai wanda ya iya karanta fitilu da allo yake ganinsa. Bayanin nan ya bi tsarin gasar NHRA ta Amurka, ƙungiyar tseren dirag da Wally Parks ya kafa a 1951, amma mafi yawansa zai yi maka amfani a filin Santa Pod na Ingila, ko Hockenheim na Jamus, ko filayen Bahrain da Qatar.

Kayan da za ka tanada

Abu na farko, wanda babu sassauci a kansa, shi ne kariyar kunne. Ƙarar motar da ke shan man naitiro, wato man da motocin da suka fi ƙarfi ke sha, tana kaiwa desibel 150 a ma'aunin ƙara a kusa da layin tashi, alhali ƙarar da ta wuce desibel 85 ma tana lahanta ji idan aka daɗe cikinta. Ka tanadi iri biyu: matoshin soso da ake cusawa cikin kunne, da kuma murfin kunne mai maɗauri da ake kifawa a kai, irin na ma'aikatan masana'anta. Ana haɗa su ne tare, soso a ciki, murfi a waje. Sanya matoshin soso yana da ƙa'ida da mutane da yawa ba su sani ba: ka murza shi da yatsu har ya zama siriri, ka ɗaga saman kunnen da ɗayan hannun ta bayan kai, ka tura shi ciki, sannan ka riƙe shi da yatsa na kusan rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. Wanda aka liƙa shi a bakin kunne kawai, rabinsa na leƙowa waje, kwalliya ce ba kariya ba. Idan ba ka sami murfin ba, ka sa soson, kuma duk lokacin da manyan motoci za su tashi ka danna tafukan hannunka a kan kunnuwa. Auduga ko takardar goge hannu ba sa tare komai, haka nan abin sauraren waƙa na waya ba a yi shi don wannan aiki ba. Ka riƙe ƙarin matoshi biyu ko uku a aljihu, domin suna faɗuwa, suna kuma yin datti.

Sauran kayan masu sauƙi ne. Ka sa rufaffen takalmi mai daɗin tafiya, domin za ka yi ta zirga-zirga a kan kwalta mai zafi da ɗigon mai. Ka sa tufafin da ba za ka ji ciwon ɓacinsu ba, tunda ɓurɓushin taya da ƙurar kuloci suna sauka a kan 'yan kallo. Ka ɗauki hula mai baki, tabarau, man kare fata daga rana, da rigar sanyi idan za a kai dare. Benayen 'yan kallo galibi bencin ƙarfe ne babu rufi, don haka ƙaramin matashin zama yana da rana. Ka haɗa da batirin cajin waya, da alƙalami mai kaurin rubutu idan kana son sa hannun direbobi. Game da ruwan sha da girman jaka kuwa, kowane fili da dokarsa, sai ka duba shafinsu kafin ka fito, kada a mayar da kai mota daga bakin ƙofa.

Mataki na 1: Zaɓen gasa da rana

Gasar NHRA kan ɗauki kwana uku. Juma'a da Asabar ranakun tantancewa ne, inda kowace mota ke samun dama uku ko huɗu ta kafa lokacinta mafi kyau, a zaɓi 16 mafi sauri a kowane aji. Lahadi ake sili-ɗaya-ƙwale: ta ɗaya ta kara da ta 16, ta biyu da ta 15, a haka har zagaye huɗu su fitar da gwani. Babbar gasar shekara, wato U.S. Nationals ta Indianapolis, ta fi haka tsawo, kuma ranar Litinin ake kammala ta, a hutun ranar ma'aikata ta Amurka a farkon Satumba. Gatornationals kuwa a Gainesville ta jihar Florida ake yin ta cikin Maris.

Idan rana ɗaya kawai za ka iya, shawarata ita ce ka nemi wadda ake tantancewar dare, galibi Juma'a. Iska mai sanyi tana ƙara wa inji ƙarfi, hanya mai sanyi tana riƙe taya, shi ya sa lokuta mafi kyau sukan fito bayan faɗuwar rana, kuma a duhu ne ake ganin harshen wuta yana fita daga salansa ya zarce tsayin motar. Ga shi cunkoso bai kai na Lahadi ba, makanikai ma ba a matse suke ba. Lahadi ta fi armashi ga wanda ya riga ya san direbobin kuma yana da gwaninsa. Wanda zai fara kallo kada ya fara da gasar layi huɗu da ake yi a Charlotte, inda motoci huɗu ke tashi lokaci guda, domin ido ba ya iya bin su, fitilun ma sun fi rikitarwa.

Mataki na 2: Zaɓen kujera

Sababbin 'yan kallo sukan ruga su sayi layin farko daidai wurin tashi, suna ganin kusanci shi ne riba. A can ƙasa katanga da shinge suna tare maka motar da ke layin nesa, kuma da motocin sun tashi bayansu kawai za ka gani. Ka hau sama, aƙalla rabin tsayin benen, ka kuma gusa gaba kaɗan daga layin tashi, zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku na hanyar. Daga nan za ka ga fitilu, ka ga motoci suna tunkarowa, ka ga sun wuce, ka kuma hangi allo. Ka duba taswirar filin ka zaɓi ɓangaren da sansanin makanikai yake, don kada kowace fita ta zame maka doguwar tafiya, sannan ka lura da inda rana ke faɗuwa don kada ta tsaye maka a ido da la'asar. Idan kujerun da aka keɓe sun ƙare, tikitin gama-gari ma ya isa, illa dai wurin zamansa yakan kasance can wajen ƙarshen hanya. Ba asara ba ce, domin a can ne ake ganin ainihin gudu da buɗewar laimar birki, kuma ko mai kujera mai kyau ya kamata ya je can ya kalli zagaye ɗaya.

Mataki na 3: Isowa

Ka iso da an buɗe ƙofa. Ka ɗauki hoton alamar layin da ka ajiye mota, ka karɓi jadawalin ranar, ka gano kujerarka, da makewayi, da wurin agajin gaggawa, ka kuma auna minti nawa ne daga kujerarka zuwa sansanin makanikai. Wannan awon shi za ka gina ranarka a kansa. Safiyar Lahadi a gasa da yawa ana barin 'yan kallo su taka hanyar tseren kafin a fara. Kada ka bari ya wuce ka, amma ka ɗaure takalminka sosai, domin hanyar cike take da gam na musamman da robar taya, tana kama tafin takalmi har ta cire shi daga ƙafa.

Mataki na 4: Sanin azuzuwan motoci

Azuzuwan ƙwararru huɗu ne. Top Fuel ita ce doguwar siririyar mota mai ƙananan tayoyi a gaba, da manya a baya, da fiffike a sama, injinta a bayan direba. Wannan tsari na inji a baya direba Don Garlits ne ya tabbatar da shi a 1971, bayan hatsarin da ya ci masa wani ɓangare na ƙafa a 1970. Ana ƙiyasta ƙarfinta da doki 11,000, tana wuce mil 330 a awa, wato sama da kilomita 530. Funny Car inji iri ɗaya take da shi, amma a gaban direba, ta fi gajarta, kuma an kifa mata bodi guda da ake ɗagawa gaba ɗaya. Waɗannan biyun ke shan naitiro, wanda doka ta taƙaita shi ga kashi 90 cikin ɗari, sauran metanol. Tun 2008, bayan rasuwar direba Scott Kalitta a Englishtown, ƙafa 1,000 suke gudu, kimanin mita 305, don a ƙara musu filin tsayawa. Pro Stock da baburan Pro Stock fetur suke sha, suna kuma cika rubu'in mil, ƙafa 1,320, cikin daƙiƙa shida da rabi ko sama kaɗan. Ba su da tsawar naitiro, shi ya sa benaye kan rage cika idan sun fito, amma ni a wurina nan ne aka fi ganin gwanintar direba, tunda motocin kusan ƙarfinsu ɗaya, kuma da hannu ake sauya giya.

Tsakanin waɗannan akwai azuzuwan 'yan sha'awa. A wasunsu za ka ga mota ɗaya ta tashi ta bar ɗayar a tsaye. Ba kuskure ba ne: kowane direba ya rubuta lokacin da yake sa ran yi, ana ba marar sauri fifikon tashi gwargwadon bambancin, wanda kuma ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi.

Mataki na 5: Sansanin makanikai

A gasar NHRA kowane tikiti yana shigar da kai sansanin makanikai, abin da ba kasafai ake samu a wasu tseren motoci ba. A wasu ƙasashe ka tambaya tukuna, ko ana sayen izinin daban. Kowace ƙungiya tana da tirela da rumfa a gefenta, igiya kawai ta raba ka da masu aiki.

Lokacin zuwa shi ne da zarar manyan motoci sun gama zagayensu. Ka sauko nan take, ka zaɓi ƙungiya ɗaya da ta ci, ka tsaya a igiyarta kafin a jawo motar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne yawo daga rumfa zuwa rumfa, a ga kaɗan-kaɗan ko'ina ba a ga komai ba. Ka tsaya wuri ɗaya ka ga aikin daga farko har ƙarshe. Bayan kowane gudu ana warware injin naitiro kusan gaba ɗaya, kuma ranar Lahadi abin da ke tsakanin zagaye da zagaye bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Motar na tsayawa za ka ga an ɗage ta a kan jak, kowa ya nufi gurbinsa ba tare da an ce masa uffan ba. Ana sauke na'urar cusa iska daga saman injin, mutum biyu su kwance kawunan silinda na dama da na hagu da safar hannu mai kauri domin ƙarfen na ƙuna, wani ya kwanta a ƙarƙashi ya buɗe kaskon mai yana turo fistin takwas ɗaya bayan ɗaya, wani kuma a baya yana zare farantan kuloci suna hayaƙi. Motar ba ta da giya, kulocin ne ke sakar wa tayoyi ƙarfi daki-daki, don haka za ka ga babban makaniki ya fi damuwa da shi da kuma abin da kwamfuta ta naɗa. Ka dubi fulogan da aka jera a kan tebur, 16 ne, biyu ga kowace silinda, sau da yawa bakinsu ya cinye cikin gudu ɗaya. A wannan lokaci direba yakan naɗe laimarsa ko ya fito bakin igiya yana sa hannu. Shi za ka yi wa magana, ba makanikin da ke riƙe da sifana ba.

Idan aka gama haɗawa sai a tayar da injin a gwada shi, kuma a nan ake gane sabon zuwa. Da ka ga makanikai sun sa abin rufe fuska mai tace iska, ka gyara kariyar kunnenka, ka duba inda iska ke kaɗawa ka koma inda take fitowa. Injin yakan fara da metanol, ƙararsa a daidaice. Da an buɗe masa naitiro sai muryar ta sauya ta koma tartsatsi mai dukan ƙirji, wani hayaƙi mai ɗan rawaya ya cika rumfar, ido ya kama yaji da hawaye, maƙogwaro ya shaƙe. Wasu ƙungiyoyin sukan taɓa totur sau ɗaya, wanda bai shirya ba sai ya zabura. Kada ka murje ido, ka ja baya zuwa sarari, yajin zai lafa cikin 'yan mintoci. Mai asma da mai sa gilashin da ake liƙawa a ƙwayar ido su kalla daga nesa.

A hanyoyin sansanin ka riƙa waiwaye, domin ana jan motocin da igiya, injinsu a kashe, ga kunnenka a toshe. Kada ka tsallake igiyar ja, kada ka taɓa mota, kada kuma ka kunna taba kusa da rumfa. Da ka ga an fara jan motocin zuwa layin jira, lokacin komawa kujera ya yi.

Mataki na 6: Abin da ke faruwa a layin tashi

Kowace mota tana fara bi ta wani wuri da aka jiƙa da ruwa, direba ya murza tayoyin baya har farin hayaƙi ya turnuƙe. Ba burga ba ce: yana ɗumama tayar, yana share ta, yana kuma shimfiɗa sabuwar roba a hanyar. Ka lura yadda tayar ke ƙara tsawo tana sirancewa idan tana juyawa. Daga nan wani daga ƙungiyar ya tsaya a gaba yana yi wa direba ishara ya dawo da baya daidai kan sawun da ya shimfiɗa.

Yanzu ka mayar da idonka kan sandar fitilun da ke tsakanin layukan biyu, wadda ake kira bishiyar Kirsimeti. A samanta akwai fitilun jeruwa, masu rabin sama da rabin ƙasa, a gasar NHRA shuɗaye ne. Tayar gaba na katse zaren haske na farko da ya gitta hanya, rabin sama ya kama, ma'ana motar ta kusa. Ta ƙara gusawa kamar inci 7 ta katse na biyu, rabin ƙasa ya kama, ta jeru ke nan. Tsakanin waɗannan biyun za ka ji muryar injin ta yi nauyi saboda direba ya buɗe man gaba ɗaya, kuma wannan ita ce alamarka ta danna murfin kunne. Idan duka biyun sun jeru, fitilun rawaya uku su kama tare, kore ya biyo bayan daƙiƙa 0.4. Direba ba ya jiran kore, da rawaya yake tashi, domin kafin ƙafarsa da motar su amsa koren ya kama. Wanda ya bar layi kafin kore, jar fitila ta kama masa, ya faɗi tun bai je ko'ina ba. Haka wanda ya tsallake layin tsakiya.

Gudun farko ka kalle shi da idonka, waya a aljihu. Wayar ba ta iya ɗaukar ƙarar, kuma abin da ake zuwa dominsa, wato yadda ƙasa da benci da ƙirji ke rawa tare, ba ya shiga hoto. Daga baya ka koyi lura da salansa: idan gefe ɗaya yana fesa farin mai maimakon wuta, silinda ta mutu, motar za ta karkata zuwa wannan gefen. Idan hayaƙi ya tashi daga tayoyi a tsakiyar gudu, sun kufce wa hanya, sai direba ya saki totur ya sake takawa. Idan duka biyun suka kufce, a nan ake tseren da ya fi kowanne tayar da 'yan kallo tsaye.

Mataki na 7: Karanta allo

Allon kowane layi yana nuna lokacin gudu da saurin motar, wanda ake aunawa a ƙafa 66 na ƙarshe. Abin da ke rikita baƙo shi ne agogon gudu ba ya farawa da kore, sai motar ta bar zaren haske. Jinkirin direba wajen tashi daban ake lissafa shi. Misali, wata mota ta yi 3.72 amma direbanta ya yi jinkirin 0.090, ɗayar ta yi 3.75 da jinkirin 0.045. Jimlar ta farko 3.810, ta biyu 3.795, saboda haka mai lokaci mafi muni ce ta riga isa. Don haka ka dubi fitilar nasara da ke kamawa a layin wanda ya ci kafin ka dubi lamba. A ranakun tantancewa kuwa jinkirin tashi ba ya shiga lissafi, lokacin gudu kawai ake nema. Ranar Lahadi wadda ta fi sauri a zagayen baya ita ke zaɓen layi, kuma idan ka ga kowa na ƙin wani layi, akwai matsala a cikinsa.

Mataki na 8: Jinkiri da ruwan sama

Inji yakan fashe ya watsa mai a hanya, sai jami'an kula da hanya da ake kira Safety Safari su fito su share, aikin da kan ci minti goma ko ya haura rabin awa. Tayoyin ba su da zane, don haka ko yayyafi ya sauka an tsaya har hanya ta bushe. Ka yi amfani da irin wannan lokaci ka sha ruwa, ka shiga inuwa, ko ka koma sansani, amma ka kasa kunne ga sanarwa domin jadawali yakan sauya. Ka adana tikitinka har ƙarshe, ka karanta sharaɗin ruwan sama tun ranar saye, kuma idan daga nesa ka zo ka bar kwana ɗaya a tsarin komawarka, tunda akan ɗage ƙarshen gasa zuwa Litinin.

Mataki na 9: Yara da fita

Yaro yana buƙatar murfin kunne daidai kansa, wanda aka gwada masa tun a gida, a kuma zaunar da shi nesa da layin tashi. Jariri dai a bar shi a gida. Ka rubuta lambar wayarka ka sa a aljihun yaron, ku kuma ajiye wurin haɗuwa, domin a cikin wannan ƙara kira ba ya amfani. Mai ciwon zuciya ya nemi shawarar likita kafin ya zauna kusa da motocin naitiro.

Bayan gudun ƙarshe kada ka ruga wurin ajiye motoci, za ka tarar da cunkoso. Ka tsaya ka ga an miƙa wa zakarun kofin da ake kira Wally, ka zaga sansani inda ake loda tireloli, a lokacin ma'aikata sun saki jiki suna amsa tambaya. Idan ka hau titi ka riƙa duba allon gudun motarka, domin bayan wuni guda kana kallon kilomita 500 a awa ido yakan raina saurin da kake yi. Idan kuma kunnenka bai daina ƙugi ba bayan kwana ɗaya ko biyu, ko ka ji ɗaya ya toshe, ka je a duba shi ba tare da ɓata lokaci ba.